Carlos na Ɗaya na Fotugal

Carlos na Ɗaya (28 ga Satumba, 1863 – 1 ga Fabrairu, 1908), wanda mutanen ƙasarsa suke kira Dom Carlos, shi ne sarkin Fotugal daga shekarar 1889 har zuwa ranar da aka harbe shi a birnin Lisbon. Ya fito daga gidan sarautar Braganza, kuma sarki ɗaya ne kacal ya biyo bayansa kafin a rushe sarautar ƙasar a 1910. Baya ga mulki, an san shi da binciken teku da zanen hotuna. Daga 1896 zuwa 1907 ya jagoranci tafiye-tafiyen bincike guda 12 a gaɓar tekun ƙasarsa, kuma a 1904 ya wallafa littafi a kan kifayen shak na ruwan Fotugal, musamman waɗanda ke zaune a can cikin zurfi. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin teku a Fotugal. Kifayen da ya rubuta a kansu suna cikin waɗanda yawan kamu ya rage su ƙwarai bayan shekara ɗari, har Tarayyar Turai ta hana kama su.

Farkon rayuwa

An haifi Carlos a Fadar Ajuda da ke Lisbon. Mahaifinsa shi ne Sarki Luís na Ɗaya, mahaifiyarsa kuwa Sarauniya Maria Pia ce, 'yar Victor Emmanuel na Biyu, sarkin farko na haɗaɗɗiyar Italiya. Yana da ƙane ɗaya, Afonso, wanda aka haifa a 1865. A matsayinsa na yarima mai jiran gado, ya riƙe sarautar Duke na Braganza.

Sha'awar teku a gida ya same ta. Kafin mahaifinsa ya hau gadon sarauta, hafsan sojan ruwa ne, ya kuma yi kwamandan jirgin yaƙi mai suna Bartolomeu Dias. Shi ne ya mayar da tsohuwar ganuwar garin Cascais, wanda ke bakin teku yamma da Lisbon, masaukin iyalan sarki idan lokacin zafi ya zo. A nan Carlos ya tashi yana ganin masunta suna fita suna dawowa, ya koyi iyo da tuƙin ƙananan jiragen ruwa. An ba shi ilimi irin na 'ya'yan sarakunan Turai na wancan zamani, ya iya harsuna da dama, ya kuma koyi zane tun yana yaro. A 1883 ya zagaya wasu ƙasashen Turai domin ƙarin sani.

Aure da iyali

Ranar 22 ga Mayu, 1886, ya auri Gimbiya Amélia ta gidan Orléans, 'yar Philippe, wanda ke neman gadon sarautar Faransa. An ɗaura auren a cocin São Domingos da ke Lisbon. Sun haifi 'ya'ya uku: Luís Filipe a watan Maris na 1887, Maria Ana wadda ta rasu ranar da aka haife ta a watan Disamba na wannan shekara, sai Manuel a watan Nuwamba na 1889. Sunan matarsa ya sanya wa dukkan jiragen ruwa huɗu da ya yi binciken teku da su.

Hawa gadon sarauta

Carlos ya zama sarki ranar 19 ga Oktoba, 1889, bayan rasuwar mahaifinsa, yana da shekara 26. Bai cika wata uku a kan mulki ba sai ƙasar ta faɗa cikin babbar matsala. Fotugal tana da burin haɗe yankunan da ta mallaka na Angola da Mozambik, ta yadda mulkinta zai ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas, kuma an zana wannan buri a wata taswira da aka shafa wa yankin launin ruwan hoda. Birtaniya kuwa tana son wannan yanki, wanda a yau ya ƙunshi Zimbabwe da Zambiya da Malawi. Ranar 11 ga Janairu, 1890, gwamnatin Lord Salisbury ta ba Fotugal wa'adin janye sojojinta daga wuraren da ake taƙaddama a kansu. Da yake Fotugal ba ta da ƙarfin ja da Birtaniya, sai ta amince.

Jama'a sun ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci, da yawa kuma suka ɗora laifin a kan gidan sarauta. A cikin wannan fushi ne aka tsara waƙar A Portuguesa, wadda daga baya ta zama taken ƙasa. Ranar 31 ga Janairu, 1891, masu rajin kafa jamhuriya suka yi tawaye a birnin Porto, amma aka murƙushe su. A 1892 baitulmalin ƙasar ya kasa biyan bashin da ake bin sa a waje yadda aka yi alkawari. Manyan jam'iyyu biyu, Regenerador da Progressista, suka ci gaba da karɓa-karɓar mulki a tsakaninsu ba tare da an ga wani gyara na a zo a gani ba.

A huldar waje Carlos ya fi samun nasara. Ya gyara dangantaka da Birtaniya, aka sabunta tsohon ƙawancen ƙasashen biyu a 1899. Sarki Edward na Bakwai ya ziyarci Lisbon a 1903, haka ma Sarki Alfonso na Sha Uku na Sifaniya. A 1905 Sarki Wilhelm na Biyu na Jamus da Shugaba Émile Loubet na Faransa su ma suka zo. A zamaninsa ne kuma sojojin Fotugal suka tsananta yaƙe-yaƙen mamaya a Afirka, ciki har da kama Gungunhana, sarkin daular Gaza a kudancin Mozambik, a ƙarshen 1895.

Binciken teku

Gaɓar tekun Fotugal tana da wani yanayi da ya sa bincike ya zo wa Carlos da sauƙi. A yawancin ƙasashe sai jirgi ya yi tafiya mai nisa kafin ya isa inda ruwa ke da zurfi sosai. A kudu da Lisbon kuwa, kusa da garuruwan Sesimbra da Setúbal, akwai manyan kwazazzabai a ƙarƙashin ruwa da suka matso daf da tudu, har ƙaramin jirgi yana iya kaiwa inda zurfi ya haura mita 1,000 ba tare da ya yi nisa da gaɓa ba.

Masuntan wannan yanki sun daɗe da sanin haka. Tun kafin masana su ankara, suna zura doguwar igiya mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi zuwa zurfin ɗaruruwan mitoci, suna fito da kifayen shak domin man hantarsu da fatarsu. Abin da suke kamawa ya taimaka wajen rushe wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a Turai. A 1843 masanin Birtaniya Edward Forbes ya yi hasashen cewa babu wata halitta mai rai a ƙasa da zurfin kimanin mita 550. Amma a 1864 masana biyu na Lisbon, José Vicente Barbosa du Bocage da Félix de Brito Capello, suka bayyana sababbin nau'o'in shak na zurfi daga ruwan Fotugal, ciki har da Centroscymnus coelolepis da Scymnodon ringens. A shekarar ce kuma Bocage ya ba da labarin wata halitta mai kama da soso wadda masunta suka ciro tare da igiyoyinsu. Har sai da masanin Ailan Edward Perceval Wright ya zo Setúbal a 1868 domin ya gani da idonsa.

Wannan aiki ne Carlos ya ɗora a kansa. Wanda ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne Yarima Albert na Ɗaya na Monako, wanda ya riga ya yi suna a binciken teku. Sun yi shekaru suna musayar wasiƙu a kan kayan aiki da hanyoyin kamu da abin da kowannensu ya gano. Bambancinsu shi ne Albert yakan yi doguwar tafiya zuwa tsibiran Azores da tekun ƙanƙara na arewa, Carlos kuwa ya tsaya a ruwan ƙasarsa, domin abin da ya fi damunsa shi ne amfanin binciken ga sana'ar su, wadda dubban iyalai suka dogara da ita.

Ya fara tafiyarsa ta farko ranar 1 ga Satumba, 1896, a cikin jirgin Amélia na farko. Da ya ga jirgin ya yi ƙanƙanta ga aikin, sai ya riƙa sauyawa, kowane sabon jirgi ya fi na baya girma, har zuwa na huɗu. Babban abokin aikinsa shi ne masanin halittu Albert Girard, wanda ya riƙa tantance abin da aka kama, yana adanawa, yana kuma taya shi shirya rahotanni. An kafa ɗakin bincike a masaukin sarki na Cascais.

A kowane zango jirgin yakan tsaya, a auna zurfi, a ɗauki zafin ruwa, a ɗebo laka ko yashi daga ƙasa, sannan a saki raga ko tarko ko igiyar ƙugiyoyi. Domin sanin inda igiyar ruwa ke nufa, akan saki abubuwa masu yawo a saman ruwa a bi sawunsu. Daga ma'aunin zurfin da aka tara ne aka zana taswirar ƙasan teku ta yankin da ke kusa da Cabo Espichel, wadda ta nuna siffar kwazazzaban. Sarkin da kansa yakan rubuta bayanan tafiya, yakan kuma zana kifi da zarar an fito da shi, tun launinsa bai dushe ba. A 1897 ya wallafa rahoton tafiyar farko, ya kuma baje kolin abin da ya samo ga jama'a a makarantar Escola Politécnica ta Lisbon. An sake nuna tarin nasa a wasu wurare, ciki har da bajekolin duniya na birnin Milan a 1906.

Nazarin kifin tuna

A 1899 ya wallafa littafi a kan kamun tuna na shekarar 1898 a yankin Algarve, kudancin ƙasar. Kowace shekara manyan kifayen tuna suna ratsa wannan gaɓa a hanyarsu ta shiga Bahar Rum domin yin ƙwai, sannan su dawo. Masunta sukan kafa musu manyan shingayen raga a cikin teku, waɗanda ake kira armação. Wata shekara a cika jirage, wata shekara a tashi da ɗan kaɗan, kuma ba a san dalili ba. Carlos ya nemi masu shingayen su riƙa rubuta abin da suka kama, ya haɗa wannan lissafi da bayanan yanayin ruwa, domin a gane abin da ke kawo kifin kusa da gaɓa da abin da ke nesanta shi. Wannan tsari na haɗa lissafin masunta da ma'aunin masana shi ne ginshiƙin sa ido a kan kamun kifi har yau.

Littafin kifayen shak na 1904

Aikinsa da aka fi ambato a fannin ilimin kifaye shi ne littafin Esqualos obtidos nas costas de Portugal durante as campanhas de 1896 a 1903, wato kifayen shak da aka samu a gaɓar Fotugal cikin tafiye-tafiyen 1896 zuwa 1903. Ya fito a 1904.

Shak kifi ne mai farauta wanda ƙashinsa duk guringuntsi ne. Mutane sun fi sanin manyansu masu yawo kusa da saman ruwa, amma akwai nau'o'i da yawa da ke zaune a inda haske ba ya kaiwa. Galibinsu ba su da girma sosai, daga ƙasa da mita ɗaya zuwa mita ɗaya da rabi, launinsu baƙi ko ƙasa-ƙasa, idanunsu manya masu ƙyalli. Ba su da jakar iska irin wadda ke riƙe sauran kifaye a cikin ruwa. Maimakonta suna da ƙatuwar hanta cike da mai, wadda a wasu nau'o'in takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jiki. Wannan hanta ita ce ta sa masunta suke bin su.

Raga da ake ja a ƙasan teku ba ta cika kama irin waɗannan kifaye ba a wancan lokaci, domin tafiyarta a hankali take, kuma bakinta ƙarami ne. Saboda haka Carlos ya ɗauki dabarar masuntan yankin, wato doguwar igiyar da suke kira espinhel, ya yi aiki tare da su, ya ƙara wa igiyar tsawo domin ta kai zurfin da ya wuce inda suka saba. Da wannan ya samu nau'o'in da masunta ke kira carocho da lixa da barroso, waɗanda masana suka sani da Centroscymnus coelolepis da Centrophorus squamosus da Centrophorus granulosus. Kalmar lixa a harshen Fotugal ita ce kuma sunan samfefa, domin da busasshiyar fatar irin waɗannan kifaye ake goge katako a da. Shi kuwa carocho, shi ne shak ɗin da aka taɓa samu a wuri mafi zurfi a duniya, a zurfin mita 3,675.

A cikin littafin ya bayyana siffar kowane nau'i, da sunan da masunta ke kiransa, da wurin da aka kama shi da zurfin wurin. Ya kuma bayyana wani kifi mai dogon hanci da muƙamuƙi mai zazzagowa, wanda ya ɗauka sabon nau'i ne, ya sa masa suna Odontaspis nasutus. Daga baya masana suka tabbatar cewa shi ne Mitsukurina owstoni, wanda Ba'amurke David Starr Jordan ya riga ya bayyana a 1898 daga ruwan Japan. Sunan da Carlos ya bayar bai tsaya ba, amma samun kifin ya nuna cewa nau'in yana rayuwa a Tekun Atilantika ma, ba a Japan kaɗai ba. A rubuce-rubucen masana ana ambaton sarkin da sunan gidansu, Bragança.

Zane da sauran ayyuka

Carlos ya ƙware a zane da launin ruwa da kuma alli mai launi. Ya fi zana teku da jirage da masunta da karkarar Alentejo, kuma ya riƙa nuna ayyukansa a bajekoli tare da sauran masu zane. Daga cikin sanannun ayyukansa akwai O Sobreiro na 1905, hoton wata bishiya da ake ɓare ɓawonta. Maharbi ne kuma mai sha'awar tsuntsaye, ya wallafa kundin tsuntsayen Fotugal mai hotuna, wanda kashinsa na farko ya fito a 1903, na biyu a 1907. 'Yan adawa sun riƙa amfani da farautarsa da tafiye-tafiyensa na ruwa wajen zarginsa da sharholiya alhali ƙasa tana cikin talauci.

Shekarun ƙarshe na mulki

A watan Mayu na 1906 Carlos ya naɗa João Franco firaminista, da fatan zai karya al'adar karɓa-karɓar manyan jam'iyyun biyu. A wannan shekara ce maganar kuɗin da gwamnatoci suka daɗe suna ba gidan sarauta a matsayin rance ta fito fili a majalisa, ta zama babban makami a hannun 'yan jamhuriya. A watan Mayu na 1907 sarkin ya amince aka rushe majalisar dokoki ba tare da an sa ranar zaɓe nan da nan ba, Franco ya ci gaba da mulki da dokokin da yake zartarwa shi kaɗai. A watan Agusta aka fitar da dokar da ta share bashin gidan sarauta ta kuma ƙara kuɗin da ake ba shi. Wannan ya haɗa kan 'yan jamhuriya da wasu 'yan sarauta da suka ɓalle, kuma tun da sarkin ya fito fili ya goyi bayan Franco, sai fushin ya koma kansa.

Ranar 28 ga Janairu, 1908, aka bankaɗo wani yunƙurin juyin mulki, aka kama manyan 'yan adawa. Ranar 31 ga wata, yana fadar Vila Viçosa, Carlos ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnati ikon korar waɗanda ake tuhuma da laifin siyasa zuwa ƙasashen da Fotugal ke yi wa mulkin mallaka.

Kisansa

Washegari, 1 ga Fabrairu, 1908, sarki da sarauniya da yarima mai jiran gado suka taso daga Vila Viçosa a jirgin ƙasa, suka tsallaka kogin Tagus a jirgin ruwa, suka sauka a dandalin Terreiro do Paço da yamma, inda ƙaramin ɗansu Manuel ya tarye su. Suka shiga keken doki marar rufi. Suna cikin ratsa dandalin sai aka buɗe musu wuta. Manuel Buíça, malamin makaranta kuma tsohon sajan na sojan doki, ya harbi sarkin da bindiga daga baya, Alfredo Costa kuma ya haye jikin keken ya ƙara harbinsa. Carlos ya mutu nan take yana da shekara 44. An harbi Luís Filipe a fuska, ya rasu bayan 'yan mintoci. An ji wa Manuel rauni a hannu. Sarauniya Amélia, wadda ta miƙe tana dukan maharin da damin furannin da ke hannunta, ita kaɗai ce ba ta ji ciwo ba. Jami'an tsaro sun kashe Buíça da Costa a wurin, tare da wani mutum na uku da ba shi da hannu a lamarin.

Shi ne sarkin Fotugal na farko da ya mutu ta hanyar kisa tun bayan Sarki Sebastião, wanda ya halaka a yaƙi a Maroko a 1578. An binne shi tare da ɗansa a makabartar gidan Braganza da ke São Vicente de Fora a Lisbon. Manuel na Biyu ya gaje shi yana da shekara 18, aka kuma sauke Franco. Ranar 5 ga Oktoba, 1910, aka ayyana jamhuriya. Iyalan sarki suka bar ƙasar daga garin Ericeira zuwa Jibralta a cikin Amélia na huɗu, jirgin da Carlos ya yi tafiye-tafiyen bincikensa na ƙarshe da shi.

Makomar kifayen da ya nazarta

A zamanin Carlos ƙananan jirage ne kawai ke kama shak na zurfi, da hannu ake jan igiya, kuma abin da ake kamawa bai taka kara ya karya ba. Lamarin ya sauya a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Man hantarsu yana ɗauke da sinadarin squalene, wanda ake sawa a kayan kwalliya da wasu magunguna da alluran rigakafi, naman kuma ya samu kasuwa a Turai. A tsibiran Azores an fara kamun nau'in Dalatias licha gadan-gadan a shekarun 1970. A Sesimbra, tun 1983 jiragen igiya suke neman wani dogon baƙin kifi da ake kira peixe-espada-preto a zurfin da ya haura mita 800, kuma carocho da lixa suna faɗawa ƙugiyoyinsu. Daga ƙarshen shekarun 1980 manyan jirage masu jan raga da masu shimfiɗa ta suka bazu a zurfafan ruwan da ke yamma da Birtaniya da Ailan.

Waɗannan kifaye ba sa jure irin wannan kamu. Suna girma a hankali, ba sa yin ƙwai barkatai kamar sauran kifaye, haihuwa suke yi, 'ya'yan kuma kaɗan ne. Macen barroso takan ɗauki ciki kusan shekara biyu ta haifi ɗa ɗaya ko 'yan kaɗan. An ƙiyasta cewa macen lixa takan haura shekara 30 kafin ta fara haihuwa. Idan aka kwashe manya, sai an yi shekaru gommai kafin a samu masu maye gurbinsu.

Hukumar ICES, wadda aka kafa a Kopenhagen a 1902 domin binciken teku, kuma take ba ƙasashen Turai shawara kan kamun kifi, ta bayyana a tsakiyar shekarun 2000 cewa carocho da lixa sun ragu ƙwarai a arewa maso gabashin Atilantika, ta ba da shawarar a daina kama su. Tarayyar Turai ta fara ƙayyade yawan abin da za a kama a 2005, ta taƙaita shimfiɗa raga a zurfi daga 2006, sannan ta mayar da adadin da aka halatta zuwa sifili daga 2010. A 2008 yarjejeniyar OSPAR ta kare muhallin wannan yanki ta sanya carocho da lixa da barroso cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. A 2016 aka hana jan raga a ƙasan teku a zurfin da ya wuce mita 800.

Hanin bai kawo ƙarshen matsalar ba. Ƙugiyar da aka sa wa koto domin wani kifi ba ta zaɓen mai haɗiye ta, don haka shak yana ci gaba da kamuwa, sai dai yanzu ana mayar da shi ruwa, wani da rai wani a mace. Tun da ba a kawo shi tasha ba, ba ya shiga lissafi, masana kuma suka rasa babbar hanyar da suke bi su san ko yawansa yana farfaɗowa. Ko a da ma lissafin yana da rauni, domin sau da yawa ana haɗa nau'o'i daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya, ko a sauke hanta kawai a zubar da sauran jikin. Saboda haka a 2017 aka ba jiragen igiya na peixe-espada-preto damar sauke ɗan ƙaramin adadi na wani lokaci domin a samu bayanai. Sauran hanyoyin sa ido sun haɗa da ɗora masu lura a cikin jiragen su, da bin jirage ta tauraron ɗan'adam, da tafiye-tafiyen bincike da ake maimaitawa a wuri ɗaya da kayan aiki iri ɗaya, da maƙala wa kifi na'urar da ke nuna inda ya bi. A Fotugal cibiyar IPMA ce ke da alhakin wannan aiki. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2024 ya nuna cewa kusan nau'i ɗaya cikin bakwai na shak da danginsu masu zama a zurfi suna fuskantar barazanar ƙarewa a duniya.

Abin da ake nema a yau, wato wane nau'i aka kama, a ina, a wane zurfi, shi ne abin da Carlos da Girard suka riƙa rubutawa a kowane zango. Littafin 1904 yana cikin tsofaffin bayanai a rubuce game da kifayen shak na wannan gaɓa, tun kafin manyan jiragen kasuwanci su iso.

Tunawa da shi

Tarin halittun teku da Carlos ya bari, tare da kayan aikinsa da littattafansa, ya koma hannun gidan kifaye na Aquário Vasco da Gama a 1935. An buɗe wannan gida a 1898, a zamanin mulkinsa, kuma har yanzu ana nuna tarin a can, kusa da Lisbon. Gidan tarihin teku na garin Cascais yana ɗauke da sunansa, an kuma kafa mutum-mutuminsa a bakin ruwan garin a 2008, shekara ɗari bayan kisansa. Rundunar sojan ruwan Fotugal ta sanya wa ɗaya daga cikin jiragenta na binciken teku suna Dom Carlos I. Ruwan da ke gaban Sesimbra da Cabo Espichel, inda ya yi yawancin aikinsa, wani sashensa ya zama wurin da aka keɓe domin kare halittun teku tun 1998, mai suna Parque Marinho Professor Luiz Saldanha.